Yaya Hajo da Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Hajo. Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba, ko dangi na nesa ba mu haɗa ba. Yayar mijina na fari ce, kuma a yadda aka saba, da ya rasu sai zumuncinmu ya yi sanyi, mu koma gaisuwar biki da ta mutuwa. Amma har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa yanke wata babbar shawara ba sai na je garin Isa na zauna gabanta. Duk shekara idan watan rasuwarta ya kama nakan yi mata sadaka in yi shiru da bakina. Bana na ce a'a, bari in faɗa wa mutane abin da matar nan ta yi mini tun ina da sauran ƙarfi, domin yaran yanzu da ke shiga kemis su sayi tsinken gwajin ciki kamar masu sayen ashana ba su san yadda aka faro ba.

An kai ni Kurawa amarya daga garinmu Tozai a shekarun farin nan na farkon tamaninoni. Wanda ya gani ba ya bukatar a ba shi labari. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Fulanin da muke sayen nono wurinsu suka kora abin da ya rage musu na shanu suka yi kudu. Rumbuna suka zama wurin kwanan kaji, sannan kajin ma suka ƙare. Mijina, yanzu da furfura ta rufe ni zan iya kama sunansa, Ummaru ne. Mutum ne mai yawan dariya da son shiga aikin gayya. Da rijiyar unguwarmu ta ƙafe, samari suka shiga yasarta suna ƙara mata zurfi, shi ne a can ƙasa ranar da gefenta ya zabtare. Ban cika shekara a gidansa ba na shiga takaba.

Ana cikin zaman makoki na lura al'adata ta wuce lokacinta. Na ɓoye, na kasa, na raɗa wa wata tsohuwa a gidan, kafin la'asar magana ta kai kunnen uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna. Ummaru ne kaɗai ɗanta namiji. Matar da ta kwana da kwanaki ba ta iya haɗiye ko ruwan koko ba, ran nan na ga ta miƙe zaune, ta kama hannuna ta ce, "Allah Ya ɗauke min ɗa, Ya bar min iri nai." Ni ma na yi murna, murnar da ban taɓa yin irinta ba, domin na ji kamar ba duka aka binne shi ba.

Yaya Hajo ita ce babbar 'yar Inna. Gajera ce, mai saurin tafiya da saurin magana, ba ta iya kwana-kwana ba. Wani kawunsu ne ya riƙe ta ya sa ta firamare, bayan aurenta na fari ya mutu ta tafi Sakkwato ta koyi aikin asibiti, aka ajiye ta a ɗakin gwaji a Isa. Mutanen Kurawa suna kiranta mai duban fitsari, rabi wasa rabi raini, ita kuwa takan ce gara ita, tana duba abin da ke akwai, ba ta duba ƙasa. Da ta ji labarin cikin ba ta yi guɗa ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Da na gaya mata a asirce cewa na fara ganin ɗan digon jini, sai ta dube ni ta ce, "Rakiya, gobe ki tara min hitsarin sahe cikin kwalbar ga, na hwarko. Za ni zowa da kayan aiki."

Mai takaba ba ta yawo, saboda haka asibitin ne ya zo wurina. Ta iso da akwatin sanyi irin na masu rigakafi, ta rufe ƙofar ɗakina ta bar taga. Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce da zarar ciki ya kama, jikin mace yana fitar da wani sinadari da ke bin jini ya fito a fitsari. A makonnin farko, idan cikin yana raye, sinadarin ƙaruwa yake ta yi. Idan ya lalace, sai ya dinga raguwa har ya ɓace. A lokacin babu injin da zai ba ta lamba a Isa, sai ta yi dabarar da aka koya musu. Ta jera ƙananan kwalabe, ta farko fitsari zalla, ta biyu ta sirka shi rabi da rabi da ruwan gishiri na asibiti, ta uku ta sake sirka na biyun, haka har ƙarshen layi, yadda mai nono ke ƙara ruwa har ɗanɗanon ya gudu. Daga kowace kwalba ta ɗiga digo a kan wani baƙin faranti, ta ɗiga maganin gwaji, ta yi ta jujjuya farantin a hasken taga. Idan ya yi gudaji-gudaji, akwai sinadarin. Idan ya tsaya sumul, babu.

Ran nan ya yi gudaji har a kwalbar da aka fi sirkawa. Na ce, to alhamdu lillahi, Yaya, a je a gaya wa Inna. Ta ce, "Dakata. Gwaji guda ba shi hwaɗin gaskiya duka. Shina hwaɗa min akwai, ba shi hwaɗa min ko hawa shi kai ko sauka. Sai na komo."

Kafin ta dawo jinin ya ƙaru, da ciwon mara, ya yi kwanaki kaɗan ya ɗauke. Ban ga wani abu mai siffa ba, bai fi al'ada mai nauyi ba. Tsofaffin gidan suka taru a kaina, suka shafa marata, suka yi shawara, suka fito da magana guda: ciki ya kwanta. Inna ta ce, "Hirgita da yunwa sunka kwantar da shi. In ruwa ya sauka, ta samu abinci, shina tashi."

Ga wanda bai tashi a wajenmu ba, haka muka gada. Ana cewa ciki yakan kwanta a jikin mace ya yi barci, shekara ɗaya, biyu, har fiye, sannan ya farka ya ci gaba da girma. Ba na rubuta wannan don in yi wa iyayenmu dariya ba. Maganar ta rufa wa mata da yawa asiri, ta kuma ba wadda ba ta haihu ba abin riƙewa a gidan miji. Amma ni a kaina ga abin da take nufi: mai takaba idan tana da ciki ba ta fita sai ta haihu. Ke nan zan zauna a ɗakin nan, ba kitso, ba lalle, ba komawa gidanmu, ba aure, har ranar da cikin ya ga dama ya tashi. Shekaruna ba su wuce ashirin ba. Abin mamaki, a lokacin ban ga laifin hakan ba, ni ma so nake ya zama barci yake yi.

Yaya Hajo ta dawo ta sake jera kwalabenta. Wannan karon a kwalba ta farko kawai ya yi gudaji, shi ma da ƙyar. Ta daɗe tana kallon farantin, sannan ta tattara kayanta. Da mako ya zagayo ta sake zuwa, ta ɗiga fitsari zalla, ta juya, ta juya, har hannunta ya gaji. Farantin ya tsaya sumul. Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Rakiya, ciki ya samu, wanga gaskiya na, ba mahwalki kinka yi ba. Amma ya hita tare da jinin nan. Ba laihinki na ba, ba ɗaukar tulu ba, ba kuka ba. Da yawa haka su ka tahiya tun ba su zama komi ba." Na juya mata baya na yi kuka, na ji haushinta har cikin raina. Ta bar ni na yi, ba ta rarrashe ni da ƙarya ba.

Nakan tuna wannan zaman duk lokacin da na ga yadda abin ya koma yanzu. Kwanan baya matar ɗana ta ga jini tana da ƙaramin ciki, aka ɗebi jininta a asibiti, inji ya fitar da lamba, aka ce ta dawo jibi a sake, aka gwada lambobin biyu. Abin da Yaya ke yi da kwalabe da gumi, ga shi ya zama aikin ɗan lokaci. Na san da tana nan da ta yi murna, da ta tsaya a kan injin nan tana yi wa mai aikin tambayoyi har ya gaji da ita. Na kuma san da ta yi faɗa. Da ta ga yarinya ta sayi tsinke ta gwada sau ɗaya ta shelanta wa duniya, ko ta ga layin ya dusashe ta yanke wa kanta hukunci a ɗaki ba ta je an duba ta ba, da ta ce an ba yara kayan aiki ba a ba su haƙuri ba. Abin da zai fi ƙona mata rai shi ne halin da hanyoyinmu suka shiga. Injin yana gari, matan suna ƙauye, tsakaninsu hanyar da mutum ba ya bi sai da addu'a a baki saboda 'yan bindiga. Ga 'yan mata masu takaba sun yi yawa a ƙasar Gobir fiye da zamanin farin, kuma ban san wace ce ke ɗaukar akwati ta bi su ɗaki-ɗaki ba.

Gaya mini bai yi wa Yaya wuya kamar gaya wa Inna ba. Ina daga ɗaki ina jin su a tsakar gida. Yaya ta durƙusa ta ce, "Inna, ban ce Allah ba Shi iyawa ba. Abin da ni ka hwaɗi, cikin wagga yarinya babu kowa. In munka riƙe ta, mun zalunce ta."

Inna ta ce, "Kwalba ta hwaɗa miki? Mu da munka haihu munka binne ba mu sani ba, sai kwalba?"

"Sau ukku na gwada, Inna. Sauka ɗai shi kai."

"Ke da ba ki taɓa haihuwa ba, mi kinka sani ga ciki? Ƙanenki ya mutu, kina son ki kashe mishi baya."

Ko masu daka sun ajiye taɓare. Na leƙo na ga Yaya tana nan a durƙushe, kanta a ƙasa, sannan ta miƙe ta ɗauki akwatinta ta yi sallama kamar ba a ce komai ba. Daga ranar Inna ta daina amsa gaisuwarta.

Sai abin ya ƙara rikicewa, domin bayan jinin nan al'adata ba ta sake zuwa ba. Wata ya wuce, wani ya bi shi, shiru. Tsofaffi suka ce ga shaida nan, mace ba jini ai ciki ne a kwance. Wata huɗu da kwana goma na takaba suka cika, ba wanda ya yi maganar fitata. Ubana ya aiko daga Tozai yana tambaya, aka ce masa 'yarsa na ɗauke da amanar mutane. Ya haƙura, don ba ya son a ce ya raba marayan ciki da dangin ubansa.

Yaya ta sake gwadawa, babu komai. Ta kama hannuna ta zagaye shi da yatsunta biyu, har da saura. Ta ce, "Yunwa ta ɗauke miki jini, ba ciki ba. Dubi hannunki. Rabin matan garin ga haka su ke bana." A lokacin abincinmu bai wuce kunun dusa da ganyen da aka samo a daji ba, shi ma sau ɗaya a yini. Sai ta shiga zuwa duk mako da ɗan ƙullin wake, da ƙuliƙuli, da garin gero daga abin da take ci ita kanta. Inna tana karɓar abincin ba ta karɓar gaisuwar. Yaya kuwa takan zauna ta tsare ni sai na cinye rabona a gabanta, tana yi mini tsiya wai ba ta taɓa ganin amaryar da ta fi tsintsiya rama ba.

Ita ce kuma ta je wurin limamin garin, mace ita kaɗai, ta tsaya a ƙofar zaurensa. Dattijo ne mai natsuwa, ya sa aka kira Inna da ƙanen mijinta, ni ma aka zaunar da ni daga bayan ƙofa. Ya saurari bayanin kwalaben har ƙarshe. Ya ce shari'a ba ta tsare mace a kan ciki sai in akwai shi ko ana kokwantonsa, in kokwanto ya gushe ba a da hujjar riƙe ta. Sannan ya ce, "Hajo, kin tabbata? Al'amarin ga mai nauyi na."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ƙanena na. Ni na goye shi. Da na ga alama ko ƙanƙane, wallahi ni za ni hin kowa riƙe ta."

Liman ya ce a ƙara ɗan jinkiri a ga ko jinin zai dawo, don zukata su kwanta. Yaya ba ta so ba, amma ta yarda, ta ci gaba da kawo wakenta. Da jikina ya ɗan murmure, al'ada ta zo kamar ba ta taɓa tafiya ba. Aka gaya wa liman, ya ce takaba ta ƙare.

Ranar fitata Inna ta shige ɗaki ta rufe. Ba wadda ta yi ƙarfin halin taɓa kaina a gidan, sai Yaya ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta shiga tsefe gashin da ya cukurkuɗe. Ba ta iya kitso ba ko kaɗan, ja kawai take yi, ina cije baki. Can na ji digo mai ɗumi a tsagar kaina, na ɗauka mai ne, ashe hawayenta ne. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, ko ranar da aka fito da Ummaru daga rijiya. Ta ce, "Kina tsammani ban so ɗan nan ba? Kullum in na ɗiga maganin nan roƙon Allah ni kai shi yi gudaji." Ta ja numfashi ta ce, "Ni ma an ce min nawa ya kwanta, gidan mijina na hwarko. Shekara da shekaru ina shan jiƙe-jiƙe ina jiran shi tashi, har ƙuruciyata taƙ ƙare. Ba wanda yaz zo yac ce min, Hajo, babu. Ba ni bari a yi miki haka." Da wannan karkataccen kitson na koma gidanmu, ban yarda an tsefe shi ba sai da ya tsufa.

Ruwa ya dawo bayan shekarun nan, kamar yadda yakan dawo. Yaya ta matsa wa ubana har ya bar ni na shiga makarantar horon malamai, na zama malama, aikin da na yi har na yi ritaya. Na sake aure a Isa, kusa da ita. Inna kuwa ta riƙe fushinta, ta kai ga ko Yaya ta je Kurawa sai dai ta gaida ƙofa ta juyo. Yaya ba ta taɓa kai ƙarar uwarta wurin kowa ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi nadama ba. In na tayar da maganar takan ce in bar tsohuwa, ɗa ta rasa, dole ta sami wanda za ta ji wa haushi.

Ranar sunan 'yata ta fari, ana tsakiyar hidima, sai ga Inna ta shigo da sandarta, ba wanda ya gayyace ta don ba wanda ya yi zaton za ta zo. Ta rame, idonta ya fara rauni. Mata suka buɗa mata hanya. Ta zauna ta ce a ba ta jaririyar. Ta daɗe tana shafa kan jaririyar da tafin ƙafarta. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu, ta kasa shiga ta kasa fita. Inna ba ta ɗago ba ta ce, "Hajo, kina nan tsaye? Zo ki amshi ɗiyarki, hannuna ya gaji." Da Yaya ta sunkuya za ta karɓa, tsohuwar ta riƙe mata hannu ta ce a hankali, "Da na riƙe uwatta, da wagga ba ta zo ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma ya ishi Yaya.

Yaya Hajo ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida mai bene ba. Kwalabenta da baƙin farantinta an daɗe da zubar da su, ma'aikatan da ke ɗakin gwajin yanzu ko sunanta ba su sani ba. A Kurawa, idan ana lissafin zuriya, akan ce gidan su Ummaru ya ƙare daga kansu. Ni ba na musu da masu lissafi. Abin da na sani shi ne ta fi kowa son a ce akwai, ta duba ta ga babu, ta faɗa, ta sha fushin uwarta shekaru saboda yarinyar da ba jininta ba. Allah Ya jiƙan ta, Ya jiƙan Inna da Ummaru, Ya haɗa su a inuwa ɗaya. 'Ya'yana shida ne, jikoki kuwa sai na tsaya na ƙirga. Ranar da Yaya ta rasu, 'ya'yana maza ne suka ɗauki makararta, mutane suna tambaya ko 'ya'yanta ne. Babban ya ce musu eh.